Alfarmar Kwastam Ga Kayan Ƙananan Jakadu: Asalinta A Zamanin Turawa Da Matsayinta A Yau

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Guri ya san kalmar fito. Idan damina ta yi nisa, Kogin Haɗejiya ya cika ya batse, hanyoyi suka yanke, sai mai kwalekwale ya ƙetarar da mutum da kayansa, shi kuma ya biya kuɗin fito. Wannan kalma ce Hausawa suka ara suka raɗa wa harajin da ma'aikatan kwastam ke karɓa a kan kayan da aka shigo da su daga wata ƙasa, ko ta teku, ko ta sama, ko ta kan iyaka irin ta Maigatari.

A ƙa'ida duk matafiyi sai an duba kayansa, kuma sai ya biya abin da doka ta yanka. Amma akwai wasu baƙi da ake ɗauke wa wannan, daga cikinsu har da ƙananan jakadun ƙasashen waje. Sau da yawa jama'a kan ga haka su ɗauka son kai ne, ko tsoron masu ƙarfi. An shirya wannan bayani ne domin mazauna karkara da ma'aikatan ƙananan hukumomi su san inda wannan alfarma ta samo asali, da dalilin yin ta, da kuma inda ta tsaya.

Wane ne ƙaramin jakada?

A tsarin sarautunmu na gargajiya, jakada shi ne wanda ke kai saƙo tsakanin sarki ko hakimi da garuruwan da ke ƙarƙashinsa. A harkar ƙasa da ƙasa kuwa jakadu iri biyu ne. Babban jakada yana zaune a babban birnin ƙasar da aka tura shi, yana magana da yawun gwamnatinsa. Ƙaramin jakada kuma ana ajiye shi ne a garin kasuwanci ko tashar jiragen ruwa, ko inda 'yan ƙasarsa suka yi yawa. Aikinsa ba da biza da fasfo, da tabbatar da takardu, da kula da fatauci, da tsayawa ga ɗan ƙasarsa idan ya shiga matsala, ko ya yi rashin lafiya, ko ya rasu a baƙon wuri.

Misali na kusa shi ne ƙaramin ofishin jakadancin Saudiyya da na Jamhuriyar Nijar da ke Kano, da kuma ƙaramin ofishin jakadancin Nijeriya da ke Jidda, wanda alhazanmu suka sani.

Ba ni gishiri in ba ka manda

A ɗauka akwai garuruwa biyu, ɗaya a wannan gaɓar kogi, ɗaya a waccan. Dagatan suka shirya cewa idan ɗan aiken ɗaya ya zo, mai fito ba zai karɓi kuɗinsa ba, kuma ba zai kwance ƙunshinsa ba. Ɗan aiken bai fi sauran masu ƙetarewa da kome ba, darajar wanda ya aiko shi aka duba. Ranar da gari ɗaya ya fara karɓar kuɗi a hannun ɗan aiken maƙwabcinsa, to kashegari nasa ɗan aiken ma zai biya.

Haka abin yake tsakanin ƙasashe. Tun da daɗewa an amince manyan jakadu suna da kariya ta musamman, amma ƙananan jakadu ba su da irin wannan tabbaci. Abin da ake yi musu a tashar jiragen ruwa alfarma ce, kuma sharaɗinta ɗaya: abin da kuka yi wa namu shi za mu yi wa naku. Ƙasar da ta bar akwatin ƙaramin jakadan wata ƙasa ya wuce ba a buɗe ba, bashi ta ɗora wa waccan ƙasa, wanda za ta biya ranar da nata jami'in ya sauka a can.

Kafin zuwan mulkin Turawa

Ƙasarmu ba baƙuwa ba ce ga wannan harka. A shekarar 1824 Baturen Ingila Hugh Clapperton, wanda ya ƙetaro Sahara daga Tarabulus zuwa Barno, ya bi ta Katagum da Kano ya isa Sakkwato, inda ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Cikin abubuwan da suka tattauna akwai batun Ingila ta turo ƙaramin jakada da likita. A wannan shekara kuma abokan tafiyarsa suka bar wani saurayi mai suna Tyrwhitt a Kukawa a matsayin wakilin Ingila wajen Shehu Muhammadu El-Kanemi, sai dai bai daɗe ba ya rasu a can.

A 1851 Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya bi ta Gumel a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, yana ɗauke da saƙon gwamnatin Ingila na neman yarjejeniyar ciniki. A 1853 ya samu takardar aminci ga fataken Ingila daga Sarkin Musulmi Aliyu Babba. A wancan zamani baƙo ne ke neman alfarma, sarakunanmu ne ke da ikon bayarwa ko hanawa. Baƙon kuma yakan gabatar da gaisuwa daga cikin kayansa kafin a ba shi izinin wucewa.

A bakin teku ma da haka aka fara. A 1849 Ingila ta naɗa John Beecroft ƙaramin jakada mai kula da gaɓar tekun da ta haɗa da Ikko da Kalaba. A lokacin jiragen Turawa ne ke biyan sarakunan bakin teku kuɗi kafin su yi ciniki. Amma ba a jima ba lamarin ya juye. A 1851 jiragen yaƙin Ingila suka yi wa Ikko ruwan wuta aka tuɓe Sarki Kosoko, a 1853 aka buɗe ofishin ƙaramin jakada a garin, a 1861 kuma Ingila ta karɓe Ikko gaba ɗaya. A yankin Kalaba, hukumar da ƙaramin jakadan Ingila ke shugabanta ce ta fara karɓar kuɗin fito a 1891, kuma daga wannan shekara Hukumar Kwastam ta Nijeriya take ƙirga tarihinta. Wato wanda ya zo baƙo yana roƙon a bar kayansa su wuce, shi ne ya koma mai tsaron ƙofa.

Yadda ake yi a tashoshin jiragen ruwa na zamanin Turawa

Da mulkin Ingila ya kafu, sai ya zama wasu ƙasashe ne ke turo nasu ƙananan jakadu zuwa Ikko domin kula da 'yan kasuwarsu da jiragensu. Ƙasar da ke ƙarƙashin mulkin mallaka ba ta da bakin magana a harkar waje, saboda haka kome daga Landan yake farawa. Ƙasar da ke son turo jami'i takan sanar da Ma'aikatar Harkokin Waje ta Ingila. Idan an amince, sai a ba shi takardar izinin kama aiki, a sanar da Gwamna ta hannun Ma'aikatar Ƙasashen Mallaka, shi kuma Gwamna ya sanar da shugaban kwastam. Ranar da jirgi ya iso, ma'aikacin da ke bakin tasha ya riga ya san da zuwan baƙon.

Alfarmar da aka saba yi kashi uku ce:

1. Barin akwatunan da jami'in ya zo da su su wuce ba tare da an buɗe ba.

2. Yafe masa kuɗin fito a kan kayan sawa da kayan ɗaki da ya kawo domin zamansa, musamman a zuwan farko.

3. Yafe kuɗin fito a kan kayan ofis da gwamnatinsa ta aiko, kamar tuta da hatimi da tambarin ƙasa da takardun aiki.

Ba kowace ƙasa ke samun duka ukun ba. Abin da Ingila ke dubawa shi ne yadda ake karɓar nata jami'an a tashoshin waccan ƙasa da na ƙasashen da take mallaka. Idan Faransa ta sassauta wa jami'in Ingila a Dakar, jami'in Faransa zai ga sassauci a Ikko. Idan an tsananta a can, a nan ma sai a tsananta.

Har ila yau akwai bambanci tsakanin jami'in da gwamnatinsa ta turo tana biyansa albashi, da ɗan kasuwar da ke zaune a gari aka ba shi muƙamin domin girmamawa. A tashoshin Afirka ta Yamma an sha naɗa wakilan kamfanoni a irin wannan muƙami. Mutumin da ke da kanti, idan aka ce kada a buɗe akwatinsa, an ba shi hanyar shigo da hajarsa kyauta ke nan. Shi ya sa ba a kan ba irinsu cikakkiyar alfarma.

Dalilin wannan tsantseni a fili yake. Kuɗin fito shi ne babbar hanyar samun kuɗin gwamnati a Kudu, musamman na barasa da taba. Arewa kuwa ba ta da tashar teku, sai ta dogara ga tallafi daga Ingila da gudummawa daga Kudu, kuma wannan yana cikin dalilan haɗe ɓangarorin biyu a 1914. Don haka duk akwatin da ya wuce ba biya, giɓi ne a baitulmali.

Maƙwabtaka da Faransa ta ƙara wa lamarin nauyi a wajenmu. Ƙasar Damagaram ba ta da hanyar teku mai sauƙi sai ta Nijeriya. A yarjejeniyar 1898 Ingila ta amince ta ba Faransa hayar filaye biyu, ɗaya a Forkados a bakin teku, ɗaya a Bajibo a gaɓar Kogin Kwara, domin sauke kayan da za su wuce zuwa ƙasashen da take mallaka. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kuma kai Nguru a 1930 ta Malam Madori da Birniwa, sai tashar Ikko ta zama ƙofar wannan yanki namu, duk da nisan fiye da kilomita 1,000. Gyaɗa da fatu da ƙiraga ta nan suke fita, atamfa da gishiri da kananzir ta nan suke shigowa, kuma kuɗin fiton da aka ɗora musu a Ikko talakan Guri ne ke biyansa a kasuwa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Ingila ta fara rubuta waɗannan al'adu a yarjejeniyoyi. A 1951 ta sa hannu a kan yarjejeniyar ƙananan jakadu da Amurka, da kuma wata da Faransa. Ta Amurka ta haɗa da ƙasashen da Ingila ke mallaka, cikinsu har da Nijeriya.

Abin lura a nan shi ne, a duk tsawon wannan zamani gishirin namu ne, amma mandar ba mu ake ba. Tashar tamu ce, kuɗin da aka yafe daga asusun ƙasarmu ya fita, amma wanda ake saka wa a Faris ko Washinton jami'in Ingila ne. Ko alhazanmu da suka bi ta ƙasa suka ratsa Cadi da Sudan, idan suka shiga wahala a Jidda, ofishin jakadancin Ingila ne madogararsu.

Bayan samun 'yancin kai

Daga ranar 1 ga Oktoba 1960 Nijeriya ta fara tura nata jakadu, ramuwar alheri ta dawo gida. A 1962 aka kafa dokar kariya da alfarmar jakadu ta Nijeriya. A ranar 24 ga Afrilu 1963 kuma, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, ƙasashen duniya suka amince da yarjejeniya a kan hulɗar ƙananan jakadu, wadda ta fara aiki a 1967. Nijeriya da Nijar duk suna cikinta. Da wannan, abin da a da alfarma ce ya zama doka rubutacciya.

Sashe na 50 na yarjejeniyar ya yafe kuɗin fito a kan kayan aikin ofis, da kayan amfanin ƙaramin jakada da iyalinsa da ke zaune tare da shi. Amma kayan ci da sha ba za su wuce abin da gidan zai yi amfani da shi ba, kuma zai biya kuɗin ajiya da na dako kamar kowa. Akwatunan da yake tafe da su ba a bincike su, sai idan akwai ƙwaƙƙwaran dalilin zargin cewa suna ɗauke da abin da ba na amfaninsa ba, ko abin da doka ta hana shigowa ko fita da shi, ko abin da ya shafi dokar killace cututtuka. Idan za a bincika, dole ne a yi a gabansa.

Sashe na 35 ya yi magana a kan jakar saƙon ofis, wadda dabam take da kayan jami'in. Wajibi ne ta kasance da alama a bayyane, kuma takardu da kayan aiki kaɗai za a sa a ciki. Idan hukuma tana da babban dalilin zargi, tana iya neman wakilin ƙasar ya buɗe a gabanta. Idan ya ƙi, sai a mayar da jakar inda ta fito.

Ƙaramin jakada na girmamawa, wato irin ɗan kasuwar nan da aka ambata, sashe na 62 ya taƙaita abin da za a yafe wa ofishinsa ga kaya irin su tuta da hatimi da allon suna da littattafai da kayan ofis. Kayansa na kansa da hajarsa sai ya biya. Bugu da ƙari, sashe na 57 ya hana cikakken ƙaramin jakada yin kasuwanci domin ribar kansa a ƙasar da yake aiki.

Duk da haka tsohon sharaɗin bai mutu ba. Sashe na 72 ya bar wa ƙasa damar ta matsa wa jami'an wata ƙasa daidai da yadda aka matsa wa nata, ko kuma ƙasashe biyu su ƙara wa juna sassauci.

Darasi daga shekarar 1984

Ranar 5 ga Yuli 1984 aka sace tsohon Ministan Sufuri Alhaji Umaru Dikko a ƙofar gidansa a Landan. An same shi a sume cikin wani babban akwatin katako a filin jirgin sama na Stansted, ana shirin sa shi a jirgi zuwa Ikko. Akwatin ba shi da cikakkiyar shaidar jakar jakadanci da doka ta tanada, shi ya sa ma'aikatan kwastam suka buɗe shi. Gwamnatin soja ta wancan lokaci ta musanta hannu a lamarin. Ingila ta kori jami'an jakadancin Nijeriya biyu, Nijeriya ma ta kori nata biyu, ta kuma tsare wani jirgin saman Ingila na ɗan lokaci. Dangantaka ba ta koma daidai ba sai 1986.

Wannan ya shafi jakar babban ofishin jakadanci ne, amma darasin ɗaya ne. Kariya tana bin ƙa'ida da shaida, kuma ramuwa tana aiki a alheri, tana aiki a akasinsa.

Abin da ya kamata jama'a da ma'aikata su kiyaye

Na farko, Tsarin Mulki na 1999 ya sa harkar kwastam da ta jakadanci cikin abubuwan da Gwamnatin Tarayya kaɗai ke da iko a kansu. A jiharmu aikin yana hannun rundunar kwastam ta shiyyar Kano da Jigawa, a ƙarƙashin dokar hukumar ta 2023. Ma'aikacin tara kuɗin shiga na ƙaramar hukuma, ko ɗan sintiri, ko mai unguwa, ba shi da hurumin buɗe kayan ƙaramin jakada. Idan ya ga abin zargi, sai ya rubuta lambar mota ya sanar da 'yan sanda ko kwastam, su kuma su bi ta Ma'aikatar Harkokin Waje.

Na biyu, baƙi sukan ziyarci dausayin Haɗejiya da Nguru saboda tsuntsaye da ayyukan ruwa da noma. Ba duk Bature ko Balarabe ne jakada ba. Ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da 'yan kwangila da masu yawon buɗe ido ba su shiga wannan yarjejeniya ba. Jami'i na gaskiya yana ɗauke da katin shaida daga Ma'aikatar Harkokin Waje, kuma ba laifi ba ne jami'in tsaro ya nemi gani cikin ladabi.

Na uku, a yi hattara da 'yan damfara. Sukan bugo waya ko su aiko da saƙo cewa wani jakada ya iso filin jirgi da akwatin kuɗi ko kyauta da sunan mutum, wai sai an turo kuɗin fito kafin a sake shi. Jakar jakadanci ba ta ɗaukar saƙon mutane, kuma jakada ba ya neman kuɗi a hannun talaka domin fitar da kaya. Duk wanda ya tura kuɗinsa, ya yi asara.

Na huɗu, idan aka kama ɗan wata ƙasa, misali makiyayi ko ɗan kasuwa daga Nijar, sashe na 36 ya wajabta a gaya masa yana da damar a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa, kuma a sanar ɗin idan ya nema. Wannan dama ita ce ɗanmu ke dogara da ita idan aka tsare shi a Damagaram ko Jidda ko Tarabulus.

Kammalawa

Mutanen wannan yanki matafiya ne. Akwai masu zuwa aikin Hajji da Umara, da masu fataucin dabbobi da busasshen kifi, da ɗalibai, da masu neman abinci a ƙasashen waje. Ranar da fasfon ɗayansu ya ɓace, ko ya kwanta asibiti ba dangi kusa, ƙaramin jakadan Nijeriya ne zai tsaya masa. Shi kuwa wannan jami'i, mutuncin da zai samu a can ya danganta da wanda muka ba takwaransa a nan.

Saboda haka ana kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da hakimai da dagatai da masu unguwanni da su isar da wannan bayani ga jama'arsu. A girmama baƙon da doka ta ce a girmama, a kuma kai rahoton duk wanda ya fake da sunan jakadanci domin fasa-ƙwauri ko damfara ga ofishin 'yan sanda ko na kwastam mafi kusa.